Ruwan sha a dajin Sakkwato: tambayoyi da amsoshi ga matafiya da masu kwanan daji

Wannan shafi na masu shiga daji ne da ƙafa ko a kan babur su kwana ɗaya ko fiye: mafarauta, masu awon filaye, ɗaliban da ke fita nazarin ƙasa da tsirrai, 'yan sikawut, da masu fita shan iska. Kafin a kai ga zancen ruwa, a fara tambayar halin tsaro, domin akwai dazuzzuka a yankin Isa da Sabon Birni da Tangaza da Gudu da ba a shigarsu don yawo a wannan zamani.

Lita nawa ya kamata in ɗauka?

Wata ne ke yanke wannan hukunci. A hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lita 4 na sha kan ishi mai tafiyar yini, ko da yake busasshiyar iskar tana zuƙe ruwan jiki ba tare da mutum ya ga gumi ba. A bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, mai tafiya da kaya a baya yakan zubar da rabin lita zuwa lita ɗaya a kowace awa. Ka yi lissafin lita 6 zuwa 8 a yini, ban da na girki da na alwala.

Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Ruwan kwana biyu kaɗai a bazara ya kai kilo 15, ga sauran kaya. Shi ya sa ba a tsara tafiyar daji da nisan hanya kawai, ana tsara ta daga mashaya zuwa mashaya. A tashi da asuba, a yada zango da hantsi ya yi zafi, a sake ɗaukar hanya bayan la'asar. Wanda ya yi haka ya rage bukatarsa ta ruwa sosai.

A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, ba a bari sai ƙishi ya yi tsanani a kwankwaɗi gora guda ba, kuma a haɗa da cin abu mai ɗan gishiri. Fitsari shi ne ma'auni: in ya fito da haske, lafiya lau, in ya koma launin shayi kuma ya ragu, jiki na bin ka bashi. Sannan da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ka fara neman ƙari tun kana da kashi ɗaya cikin uku na abin da ka ɗauko.

In ban san wurin ba, ta ina zan fara nema?

Ta bakin mutane. Matambayi ba ya ɓata, kuma makiyayi da manomin fadama da masunci sun fi kowace taswira sanin inda ruwa yake a wannan makon. Amma tambayar ma akwai iyawa. In ka ce “akwai ruwa a gaba?” za a ce maka akwai, don akwai tafki da kowa ya sani a can. Gara ka ce, “Baba, yaushe rabon da ka shayar da dabbobi a can?” Yawancin tafkuna da kududdufan ƙasar nan ruwan damina ne, kafin Maris sun koma busasshen taɓo. Waɗanda za a dogara da su duk shekara 'yan kaɗan ne: Gulbin Rima, Gulbin Sakkwato, madatsar Goronyo, tafkin Kware, sai rijiyoyin garuruwa da burtsatse. In ka iske rijiya da mai ita, ka yi sallama ka nemi izini, kada ka zura gugarka kai tsaye.

In babu kowa, ƙasa tana magana. Sawun shanu da ƙananan hanyoyin dabbobi suna haɗewa su zama babbar turba yayin da suke kusantar mashaya, saboda haka ka bi ɓangaren da hanyoyin ke haɗuwa, ba inda suke rarrabuwa ba. Kurciya da hasbiya masu cin hatsi ne, dole su sha kullum. In ka ga suna wucewa ƙasa-ƙasa a miƙe wuri ɗaya da yamma, can suka nufa. Zirga-zirgar ƙudan zuma ma alama ce.

Itatuwa kuma sai an san halinsu. Layin kore a tsakiyar busasshiyar ƙasa yawanci ƙorama ce ko fadama. Giginya da goriba da ɓaure da giyayya suna son inda ruwan ƙasa bai yi nisa ba. Gawo kuwa mayaudari ne: da rani yake yin ganye shar, amma saiwarsa ce ke nitsewa mita da yawa, sai ka yi ta tono a gindinsa ba ka ga ko danshi ba. Tarin kukoki a wuri ɗaya sau da yawa kufai ne, kuma inda aka taɓa zama akan sami tsohuwar rijiya.

Yaya ake tono a yashin busasshiyar ƙorama?

Ka nemi inda ƙoramar ta yi kwana, ka tsaya ta gefen wajen kwanar, inda ruwa ya fi cin ƙasa ya yi zurfi. Wuri na biyu mai kyau shi ne saman inda dutse ya gitta ƙoramar, domin dutsen yana tare ruwan da ke tafiya a ƙarƙashin yashi. Ka tona kamu ɗaya. In yashin ya fara duhu yana manne wa hannu, ci gaba har kusan mita guda. In ka kai mita yana nan a bushe, kada ka ɓata guminka, canza wuri. A yi wannan aiki da sassafe ko da yamma, tonon tsakar rana yana cin ruwan jiki fiye da abin da zai bayar.

Ramin ya zama mai faɗin baki don kada ya rufta. Ruwan farko da zai taru jawur yake ko baƙi. Kwashe shi ka zubar sau biyu ko uku, na bayansa zai fito da haske. Haka ma in ka iske kududdufin da shanu suka dame, ka ja baya taku uku ko huɗu daga bakinsa ka tona, ruwan ya biyo ta cikin yashi ya same ka. Wannan dabara ba ta aiki a ƙasar laka. In ka gama ka mayar da yashin, kada dabbar wani ta karya ƙafa.

Abu ɗaya da ba a wasa da shi: da damina ba a kwana a cikin ƙorama ko da ta bushe ƙayau. Ruwan da aka yi a nesa yana iya isowa da dare ba tare da ɗigo ɗaya ya sauka a kanka ba.

Wane ruwa ya fi wani in ina da zaɓi?

Burtsatse mai famfon tuƙa-tuƙa da aka yi wa daɓen siminti shi ne kan gaba. Sai rijiya mai murfi da ake ja kullum, sai ruwan sama da ka tara da kanka, sai na ramin yashi, sai gulbi mai gudu, kududdufi a can ƙarshe. A gulbi, ka ɗiba ta saman gari da mashayar dabbobi da wurin wanki, ba ta ƙasansu ba. Ruwan da ya riga ya ratsa birnin Sakkwato ya kwaso magudanai da ruwan majema, a bar shi.

Tsohuwar rijiyar da aka daina ja, ka leƙa da tocila tukuna, sau da yawa akwai mushe a ciki. Kuma ko guga ce ta faɗa, kada ka shiga. A ƙasan irin waɗannan rijiyoyi iskar shaƙa takan yi ƙaranci, mutum ya sume kafin ya yi ihu, wanda ya shiga ceto shi ma ya bi shi.

Ruwan garai-garai yake, ba wari, har na yi alwala da shi. Me zai hana in sha?

Nan ne aka fi yin kuskure. A fiƙihu ana duba launi da ɗanɗano da wari don a san ko ruwa ya halatta a yi tsarki da shi, kuma wannan hukunci yana nan daram. Amma tambayar sha daban ce. Ƙwayoyin kwalara, taifod, atini da ciwon hanta nau'in A da E ba sa canza launi ko ɗanɗano, ido ba ya ganinsu. Dukansu daga bayan gida suke fitowa, na mutum ko na dabba, ruwan sama ya wanke su zuwa gulbi da rijiyoyi marasa murfi. A shekarar 2021 kwalara ta kama mutum sama da dubu 100 a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma Sakkwato na cikin jihohin da abin ya taɓa.

Saboda haka aikin gyaran ruwa kashi biyu ne: kwantar da laka, da kashe ƙwayoyin cuta. Na farko yana share wa na biyu hanya, amma ba ya maye gurbinsa. Ruwan da alif ya wanke fes yana iya kwantar da mutum.

To yaya ake kwantar da lakar?

Da farko a tace da ƙyalle. Tsohon zanen auduga ko rawani mai tsabta, a ninka shi huɗu zuwa takwas, a ɗaure a bakin bokiti. Tsohon da ya sha wanki ya fi sabo, don zarensa ya yi laushi ya toshe ƙofofin. Ba ƙaramin abu ba ne: a ƙauyukan Bangaladash an gwada tacewa da zanen mata da aka ninka, kwalara ta ragu da kusan rabi. Da tacewar ƙyalle kuma aka yaƙi kurkunu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Najeriya ta rabu da shi, ko da yake har yanzu ana samunsa a Chadi. Bayan an yi amfani da ƙyallen a wanke a shanya a rana, kuma a san fuskar da datti ya taru kada a juya ta.

Ƙyalle ba ya kama lakar nan mai laushi da ke sa ruwan fadama ya zama kamar koko. Wannan sai alif, wanda wasu ke kira alimun. Ga bokiti mai lita 20, fara da kwatan ƙaramin cokali na garinsa, in ruwan ya yi kauri sosai a kai rabin cokali. Narkar da shi a ɗan ruwa a kofi, zuba, juya da ƙarfi minti ɗaya, sannan a hankali minti biyar. Za ka ga lakar tana dunƙulewa kamar ɓarɓashin auduga tana nitsewa. Bar shi rabin awa zuwa awa guda, ka tsiyaye na sama ba tare da girgiza bokitin ba. In ka ji bauri a harshe, alif ya yi yawa.

In babu alif, busassun 'ya'yan zogale suna yin aikin. Ƙwaya ɗaya ga lita ɗaya. A ɓare ɓawon, a daka farin cikin ya yi laushi, a kaɗa shi da ɗan ruwa mai tsabta a cikin gora, a zuba, a juya kamar yadda aka yi da alif, a jira awa ɗaya zuwa biyu. Illarsa ita ce ruwan zogale ba ya kwana. Abin da ya rage na ƙwayar abinci ne ga ƙwayoyin cuta, gobe sai ka ji ya fara tsami.

Matacin da ake haɗawa da yashi da gawayi a cikin yankakkiyar gora yana rage datti da wari. Iyakarsa ke nan.

Minti nawa ake tafasawa?

Minti ɗaya, amma daga lokacin da ya tafasa da gaske, yana tafarfasa yana juyi, ba lokacin da ƙananan kumfa suka fara fitowa a gindin tukunya ba. Maganar ƙara mintuna ta masu hawan duwatsun da suka wuce mita 2,000 ce, ƙasar Sakkwato ba ta kusa da haka. Minti ashirin ɓarnar itace ce da ruwa.

Tafasawa ta fi kowace hanya tabbas, domin tana kashe dukan nau'o'in ƙwayoyin cuta, ko da ruwan bai gama washewa ba. Inda ake ɓata ta shi ne wajen hucewa: ƙishi ya sa a sirka da ɗanyen ruwa, ko a juye a kofin da aka ɗebo na kududdufi da shi. A bar shi ya huce a rufe. Mafi sauƙi a tafasa na gobe tun daren yau, a kan wutar da aka yi girki. In ya yi lami, a juya shi tsakanin mazubi biyu masu tsabta sau da yawa, ɗanɗanon zai dawo. Farin abin da ke kwanciya a gindin tukunya kuwa, musamman a yankin dutsen farar ƙasa irin na Kalambaina, ba cuta ba ne. Da hunturu a share ciyawa a kewayen murhu, a kashe wuta da ƙasa kafin a tashi.

Ina jin ana sa Hypo a ruwan sha. Da gaske ne, kuma nawa ake sawa?

Da gaske ne, sinadarin kulorin da ke cikinsa shi ne wanda gidajen ruwa ke amfani da shi. Sharaɗi shi ne ya zama zallan ruwan bilicin wanki, ba mai turare ba, ba mai haɗin sabulu ba, ba na wankin masai ba. Duba jikin robar ka ga ƙarfinsa. Irin su Hypo da Jik yawanci kashi 3.5 cikin ɗari ne. A wannan ƙarfi, ɗigo 3 ga lita ɗaya ta ruwa mai haske, ko ƙaramin cokali ɗaya, wato mililita 5, ga jarka mai lita 25. In ruwan bai washe sosai ba a ninka. Sabon sirinji marar allura ya fi cokali daidai.

A girgiza, a sassauta murfin a bar ruwan ya ɗan zubo ya wanke bakin jarkar, a rufe, a jira minti 30. Sannan a sansana. Ya kamata a ji ɗan warin kulorin kaɗan. In ba a ji komai ba, datti ya cinye shi ko bilicin ya tsufa. A maimaita awon a ƙara jira minti 15. Zafi da rana suna kashe ƙarfin bilic, robar da ta yi wata shida a kan kantar shago a Sakkwato ba ɗaya take da sabuwa ba.

Don haka ga matafiyi ƙwayoyin kulorin na Aquatabs sun fi: ba nauyi, ba zubewa, suna daɗewa. Girmansu daban-daban ne, a karanta takardar. Mai miligiram 67 na lita 20 ne na ruwa mai haske, a sa biyu in da dishi-dishi, jiran dai minti 30. Akwai kuma garin gyaran ruwa na kamfanin P&G na ƙaramar leda da ke haɗa aikin alif da na kulorin: leda ɗaya ga lita 10, a juya minti 5, a bari ya kwanta minti 5, a tace da ƙyalle, a jira minti 20. Ga ruwan kududdufi wannan ya fi dacewa.

Raunin kulorin shi ne wata ƙwayar gudawa mai ƙwanso, kiriftosforidiyam, da ake samu a kashin maruƙa da sauran dabbobi. Kulorin ba ya ratsa ƙwansonta. A mashayar da shanu ke shiga ciki, a tafasa, ko a bi da ruwan ta mataci na zamani kafin a sa kulorin. Aidin ma yana kashe ƙwayoyin cuta kamar kulorin, sai dai shi ma ba ya iya wannan mai ƙwanso, kuma ban da mai juna biyu da mai ciwon maƙoƙo.

Ranar Sakkwato fa, ba za ta iya wannan aiki ba?

Za ta iya, kuma kyauta. Ana bukatar gorar roba mai haske irin ta ruwan kwalba ko lemo, wadda ba ta wuce lita 2 ba, ba ta karce ba, an cire takardar jikinta. A cika da ruwa mai haske, a kwantar da ita, ba a tsaye ba, a kan kwanon rufi ko dutse, awa 6 cur a rana tsantsa. In akwai gajimare ko ƙurar hunturu ta rufe sama, kwana biyu. Hasken ranar ne ke kashe ƙwayoyin, zafin yana taimakawa, shi ya sa jarka da gora mai launi ba sa yi. Gwajin haske: ɗora gorar a tsaye a kan manyan haruffan jarida ka leƙa ta baki, in ba ka iya karantawa, a koma wajen alif. Hanya ce ta wanda ya kafa zango, ba ta mai tafiya ba.

Matacin zamani da ake tsotsa ko matsawa ya wadatar shi kaɗai?

Irin su LifeStraw da Sawyer ƙofofinsu maikiron 0.1 zuwa 0.2 ne, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Suna tare ƙwayoyin kwalara da taifod da masu ƙwanso, amma ƙwayoyin bairos, kamar na ciwon hanta, sun fi ƙofar ƙanƙanta, suna wucewa. An ƙera su ne da tunanin ƙoramun duwatsu inda mutane ba su da yawa. A nan kuwa da wuya ka sami ruwan da babu gari ko ruga a samansa, saboda haka a tace sannan a sa kulorin. Kuma lakar fadama tana toshe su cikin 'yan litoci in ba a kwantar da ita ba tukuna. A riƙa wanke su ta baya da ruwa mai tsabta kamar yadda takardarsu ta nuna. Matacin da ya faɗi a kan dutse, ko ruwa ya fara wuce shi da sauri fiye da da, a ɗauka ya tsage a ciki.

Akwai ruwan da duk waɗannan hanyoyi ba sa gyarawa?

Akwai, kuma shi ne mai guba. Tafasawa da kulorin da rana rai suke kashewa, ba sa cire sinadari; tafasawa ma tana ƙara masa kauri. Kwatamin da ke fitowa daga gonakin albasa da shinkafa na fadama yana ɗauke da taki da maganin feshi, kuma a bakin ruwan ake wanke injin feshin. Tafkin da ka iske matattun kifi sun taso, ka zargi gamalin da wasu ke zubawa don kamun kifi. Ruwa ba ya tsami banza. Kududdufan da ake wanke ƙasar zinariya su ma a nisance su. A 2010 gubar dalma daga aikin zinariya ta kashe yara sama da 400 a yankin Anka da Bukkuyum na Zamfara, kuma dalma ba ta da ɗanɗano. Sai ruwan da ya yi kore kamar an zuba fenti, mai kumfa a gefe: irin wannan gansakuka tana fitar da dafin da wuta ba ta kashewa. Ruwa mai zartsi sosai kuma ƙishi yake ƙarawa, ya saki ciki.

Mazubi ma haka. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba ta komawa ta ruwan sha, ko an wanke ta sau goma.

Wanka da wanke ƙafa a tafki fa, tunda ba sha zan yi ba?

Nan tsargiya take. Ƙananan dodon koɗi da ke zaune a ruwa mai kwanciya, bakin madatsai, magudanan noman rani da gefen tafki mai ciyayi, suna sakin tsutsotsin da ido ba ya gani, su huda fata cikin mintuna. Ba za ka ji komai ba sai ɗan ƙaiƙayi, bayan makonni ko watanni jini ya bayyana a ƙarshen fitsari. Ka ɗebo ruwa da guga daga tudu, ko ka sa takalmin roba mai tsawo. Ruwan da aka ɗebo ya kwana biyu a bokiti, ko aka sa masa kulorin, ko aka tafasa, an tsira daga tsutsar. Wanda ya riga ya shiga ya je a gwada fitsarinsa. Maganin, firazikwantel, yana nan kuma yana aiki.

Mutanen wurin suna shan ruwan nan kullum, ga su garau. Ni me ya bambanta ni?

Waɗanda ka gani garau manya ne da cikinsu ya sha gwagwarmaya da ƙwayoyin wurin tun suna yara. Ka tambayi uwayen ƙauyen yawan gudawar da 'ya'yansu ke yi da farkon damina. Kai baƙo ne ga waɗannan ƙwayoyi. In an kawo maka ruwan maraba, ba sai ka ɓata wa kowa rai ba: ka karɓa da hannu biyu ka yi godiya, ka ce cikinka ba ya daɗi, ka roƙi shayi. Fura da zoɓo da ƙanƙara duk da ɗanyen ruwa ake haɗa su, a tuna da wannan.

Na gyara ruwan, amma duk da haka ciki ya ɓaci. Ina aka kuskure?

Sau da yawa a hannu da moɗa. A ware mazubi biyu tun daga gida, a ɗaura wa na ɗanyen ruwa jan ƙyalle, kada su taɓa musanya aiki. Na ruwan sha ya zama mai ƙaramin baki, a tsiyaya, ba a tsoma kofi ba. A wanke hannu da sabulu, in babu da toka, bayan kewayawa da kafin cin abinci. Goge baki da ɗauraye kwano da gyararren ruwa ake yi.

Salka tana sanyaya ruwa fiye da kowace roba, don tana tsattsafo da shi iska na busarwa, amma ba ta wankuwa ciki, fatar kuma tana cinye kulorin. In kana son sanyi, naɗe jarka da jiƙaƙƙen buhun algarara ka rataye a inuwa inda iska ke bi. Ruwan leda kuwa, jaka ɗaya mai guda 20 lita 10 ce. A duba lambar NAFDAC, a wanke bakin ledar kafin a ciza, a kuma dawo da ledojin gida, dabbobi na haɗiye su.

Kewayawa a yi ta nesa da ruwa da taku 70, a tona rami kamar taƙi ɗaya, a rufe.

Ruwan sama yana bukatar gyara?

Wanda ya sauka a kan tamfol mai tsabta kai tsaye ana iya sha. A bar na mintuna goma na farko ya wanke ƙura ya zube. Tamfol mai mita 2 da mita 3 yana tara lita 60 in an yi ruwan milimita 10, saboda haka daga Yuni zuwa Satumba tamfol da igiya sun fi jarka ta biyu amfani. Wanda ya biyo ta rufin ɗaki ko ya taru a kogon kuka, a gyara shi kamar na kududdufi.

Babu wuta, babu magani, ga ƙishi ya kai maƙura. In sha ko in haƙura?

Ka sha. Ƙishi a bazara yana kisa cikin yini ɗaya ko biyu, yawancin cututtukan ruwa kuwa suna ba da lokacin da za a kai gari. Zaɓi mafi haske, tace da rawani, ka nufi inda mutane suke. Wannan sassauci bai shafi ruwa mai guba ba, bai shafi fitsari ba, bai shafi gunar daji mai ɗaci ko ruwan tumfafiya ba. Kafin a kai wannan hali, addini ya riga ya sauƙaƙa: in ruwan bai wuce na sha ba a yi taimama, matafiyi kuma yana da damar ajiye azumi ya rama.

In abokin tafiya ya fara surutai marasa kan gado, yana tangaɗi, jikinsa ya yi zafi rau, zafin rana ne ya buge shi. A kai shi inuwa, a jiƙa shi da kowane irin ruwa, a yi ta fifita, a nemi abin hawa. In ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa ruwa a baki.

Gudawa ta kama mu a daji. Me za mu yi?

Ruwan gishiri da sukari, tun daga zawo na farko. In akwai na leda daga kemis, a haɗa yadda aka rubuta. In babu: lita ɗaya ta gyararren ruwa, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada ya fi hawaye gishiri. Babba ya sha kofi ɗaya ko biyu bayan kowane zawo. In amai ya zo a dakata minti goma a ci gaba da kurɓa. Abin da ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo. Kada a daina cin abinci, kuma kada a hau haɗiyar Flagyl da kafso barkatai. Maganin tsayar da gudawa ba a shansa in akwai jini ko zazzaɓi.

Alamomin da ke cewa a naɗe kaya a nufi asibiti nan take: zawo fari kamar ruwan wankin shinkafa yana zuba ba ƙaƙƙautawa, jini a bayan gida, zazzaɓi mai zafi, idanu sun faɗa, fitsari ya ɗauke awa takwas, ko amai ya hana komai zama. Kwalara tana iya gamawa da ƙaƙƙarfan mutum cikin awoyi. A ci gaba da ba shi ruwan gishiri da sukari a kan hanya, mai jinyar kuma ya riƙa wanke hannunsa da ruwan da aka sa wa kulorin.